Sarki Gezo da Matan Yaƙinsa, a Majigi da a Tarihi

A shekarar 2022 aka saki fim ɗin The Woman King, wanda Gina Prince-Bythewood ta ba da umarninsa, Viola Davis kuma ta fito a matsayin Nanisca, shugabar rundunar matan yaƙi ta masarautar Dahome. An kashe kimanin dala miliyan 50 wajen shirya shi, ya kuma dawo da kusan ninki biyu. Duk wanda ya biya kuɗinsa ya ga abin da ya je nema: mata sun shafe jiki da mai suna ɓullowa daga cikin ciyawa da tsakar dare, adda na walƙiya, dawakai na zubewa, ganguna na tashi. Tun fim ɗin bai bar gidajen kallo ba tsohuwar gardama ta farka, wato ko finafinan tarihi na wannan zamani suna sayar da gaskiya ne don su sayi ƙayatarwa. A ganina an ɗora laifin a kan wanda bai ci ba. Ƙura da sara da suka ba safai suke cinye gaskiya ba, domin tarihi cike yake da su, har ya fi ƙarfin kyamara. Abin da ke cinye ta shi ne buƙatar a samo jarumi marar tabo, wanda mai kallo zai tafa wa ba tare da zuciyarsa ta yi masa wasiwasi ba. Domin a samar da irin wannan jarumi ne ake sauya dalilin yaƙi, a mayar da mai kai hari mai kare kai. Labarin Dahome ya isa shaida, amma sai an bi shi daga tushe.

Dahome masarautar mutanen Fon ce, a kudancin ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Benin, babban birninta Abome. Ta taso a ƙarni na 17 a matsayin ƙaramar ƙasa ta cikin tudu, ba ta da hanyar teku. Sarki Agaja ne ya buɗe mata hanyar, ya ci Alada a 1724, ya ci Wida a 1727, kuma daga nan tashar Wida, wadda ta riga ta yi suna wajen lodin bayi, ta koma hannun sarakunan Abome. Suka naɗa mata hakimi mai sarautar Yovogan, ma'anarta kusan sarkin Turawa, wanda aikinsa shi ne kula da fataken Turai da karɓar rabon sarki. Masana sun ƙiyasta cewa mutanen da aka fitar ta Wida kaɗai, daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa shekarun 1860, sun haura miliyan guda. Sai dai Agaja bai ci nasararsa cikin kwanciyar hankali ba. A arewa maso gabas akwai daular Oyo ta Yarbawa, mai rundunar dawakai, wadda ta fara afka wa Dahome tun 1726. Mutanen Abome suna da bindiga, amma a filin rani ba su iya tsayawa gaban mahaya, sai su watse cikin daji su bar gari a ƙone. A 1730 aka yi sulhu bisa sharaɗin Dahome ta riƙa kai wa Alafin, sarkin Oyo, gaisuwa duk shekara, ta mutane da bindigogi da kuɗin wuri. Wannan ƙangi ya yi kusan shekara 90 a wuyanta.

Gezo, wanda John Boyega ya fito a madadinsa, ya hau gadon sarauta a 1818 bayan ya tumɓuke ɗan'uwansa Adandozan. Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Akwai wani ɗan Birazil daga Bahiya mai suna Francisco Félix de Sousa, babban dillalin bayi a gaɓar tekun, wanda ya saɓa da Adandozan a kan bashi har sarkin ya ɗaure shi. Gezo ya taimaka masa ya kuɓuta, suka ƙulla alkawarin jini, shi kuma ya ba da dukiyar da aka yi juyin mulkin da ita. Da Gezo ya zauna daram sai ya saka masa da sarautar Caca a Wida, ya zama wakilin sarki a cinikin da ake yi da jiragen ruwa, kuma ya riƙe wannan matsayi har mutuwarsa a 1849. Zuriyarsa na nan a Wida har gobe. A fim ɗin akwai wani dillali mai jin harshen Fotugal, Santo Ferreira, wanda ake ganin an ɗan hasko de Sousa ne da shi, amma an mayar da shi baƙo mai kwaɗayi da ya zo lallashin sarki, a ƙarshe kuma bayin da aka kwance suka nutsar da shi a ruwa. Mutumin da ya ɗora Gezo a kan karaga, ya mutu yana aminin fada, shi ne aka sauya wa kama ya zama abokin gaba na wucin gadi. Wannan sauyi bai ƙara wa fim ɗin ko sara ɗaya ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya wanke sarki.

An kafa labarin fim ɗin a 1823, shekarar da yawancin marubuta suka ce a cikinta Gezo ya karya rundunar Oyo ya daina kai gaisuwa. Wannan ya faru, kuma abin alfahari ne ga mutanen Abome. Abin da mai kallo ba zai sani ba shi ne Oyon da aka karya ta riga ta fara rubewa daga ciki, kuma a nan labarin ya taɓo ƙasar Hausa. Dawakin Oyo daga arewa ake sayo su, domin ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi tsawon rai a kurmi, masu kiwonsu da ɗaura musu sirdi kuwa da yawansu bayi ne Hausawa da Nufawa. A 1817 Afonja, babban kwamandan Oyo da ya yi tawaye a Ilori, ya haɗa kai da Malam Alimi, ya yi kira ga bayi Musulmi su gudu su same shi. Suka amsa. Daular ta rasa hannayen da ke riƙe da linzaminta, Afonja kansa bai daɗe ba jama'ar da ya tara suka kashe shi, Ilori ta zama masarauta ƙarƙashin Gwandu, kuma kafin shekarun 1830 su ƙare babban birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga, ya zama kufai. Fim ɗin ya nuna Oyo a kan ganiyarta, domin jarumi ba ya yin kwarjini sai dodonsa ya cika ido. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce abin da Dahome ta yi da 'yancin da ta samu.

Kafin a kai can, adalci ne a faɗi abin da masu fim ɗin suka kyauta, domin ba kaɗan ba ne. Matan yaƙin gaskiya ne, ana kiransu Agojie, ana kuma kiransu Mino, wato iyayenmu mata. A fada suke zaune, ana lissafa su cikin matan sarki, ba sa aure, kuma namiji ba ya ɗaga ido ya dube su in sun fito. Gezo ne ya faɗaɗa rundunar daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai, har wasu baƙi suka ƙiyasta su kimanin 6,000 a tsakiyar ƙarnin. Horon da aka nuna na kutsawa cikin shingen ƙaya ba ƙirƙira ba ce: wani limamin Kirista ɗan Italiya, Francesco Borghero, ya ga irinsa da idonsa a Abome a 1861. Sarautar Kpojito da aka naɗa wa Nanisca a ƙarshe ita ma akwai ta, ko da yake a zamanin Gezo ana danganta ta da Agontime, wadda riwaya ta ce Adandozan ya sayar da ita zuwa Birazil. Sannan akwai ƙananan sauye-sauye. Ainihin makamin Agojie bindigar toka ce, adda da kulki na biye, amma a fim an tura bindiga gefe, saboda mai ɗura albarushi ba ta da kyan kallo kamar mai tsalle da adda. An ɗauki fim ɗin a Afirka ta Kudu, ana magana da Turanci. Irin waɗannan su ne masu sukar finafinan tarihi suka fi son ƙirgawa, kamar yadda suke ƙirga cewa Braveheart na 1995 ya nuna yaƙin gadar Stirling na 1297 ba tare da gada ba. Kuskure ne, har yana ba da dariya, amma wanda ya kalla ya tashi bai ɗauki azzalumi a matsayin wanda aka zalunta ba.

Fim ɗin ya buɗe da Agojie sun kai hari wani ƙauyen Mahi don su ceto matan Dahome da aka kama, ya kuma rufe da sun ƙone matattarar bayi a Wida sun kwance waɗanda ke ɗaure. A tsakani Nanisca tana roƙon sarki ya bar cinikin mutane ya koma ga manja. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan an kifar da shi ne. Ƙasar Mahi, da ke arewa da Abome, ita ce dajin farautar Dahome, inda rundunarta ke shiga da rani ta kwaso mutane. Wida kuwa tashar Gezo ce, hakiminta nasa ne, kuɗin da ke fitowa daga cikinta shi ke ciyar da fada da rundunar matan kanta, saboda haka ƙone ta daidai yake da mutum ya cinna wa rumbunsa wuta. Da Oyo ta faɗi, garuruwan Yarbawa na yamma suka rasa inuwa, Dahome kuma ta sami sabon fili. A 1848 rundunar Gezo ta afka wa garin Okeadan na Egbado, ta kashe na kashewa ta kama na kamawa. Cikin waɗanda aka kama akwai wata ƙaramar yarinya da aka kashe iyayenta. Bayan shekara biyu wani hafsan sojan ruwan Ingila, Frederick Forbes, wanda aka aiko ya shawo kan Gezo ya bar fataucin bayi, ya karɓe ta a matsayin kyauta ga Sarauniya Biktoriya, aka raɗa mata suna Sara Forbes Bonetta. Forbes ya koma da yarinya, amma bai koma da alkawarin da ya zo nema ba. Gezo ya nuna masa cewa rundunarsa da bukukuwan fadarsa a kan wannan ciniki suka dogara, kuma ba zai iya yanke shi dare ɗaya ba. Shekara 27 ke nan bayan lokacin da fim ɗin ya bar mai kallo da zaton Dahome ta juya wa cinikin baya.

Abin da ya tilasta wa Gezo sa hannu ba shawarar wata jarumar fada ba ce. A ranar 3 ga Maris 1851 ya kai wa Abekuta hari, garin da Egbawa 'yan gudun hijira suka kafa wajen 1830 bayan wargajewar Oyo. Egbawa sun sami labari tun da wuri, sun gyara ganuwa, Turawan Ingila kuma sun taimaka musu da albarushi. Matan yaƙin suna sahun gaba, sun kai har bakin ganuwa, wasu sun hau ta, amma aka kore su, Dahome ta bar gawa fiye da dubu. Ana ba da labari cewa Egbawa ba su gane da mata suke faɗa ba sai da suka kama ɗaya, kuma kunyar a ce mata sun kore su ta ƙara musu ƙaimi. A ƙarshen wannan shekara jiragen yaƙin Ingila suka toshe gaɓar Dahome, a daidai lokacin da suka yi wa Ikko ruwan wuta. Ga kuma Birazil, babbar kasuwar, ta kafa dokar hana shigo da bayi a 1850. Cikin wannan matsi ne Gezo ya sa hannu a Janairun 1852 cewa ya daina fitar da bayi. Alkawarin bai yi ƙarko ba. Kafin mutuwarsa a 1858 hare-hare sun dawo, jiragen Kyuba na lodi, ɗansa Glele kuma ya ɗora daga inda ya tsaya: ya rushe Isaga a 1862, ya sake gwada Abekuta a 1864, aka sake kore shi.

Hujjar farko da ake kare irin wannan fim da ita ita ce fim ba littafin tarihi ba ne, kuma mai hikaya yana da 'yancin ƙirƙira. Gaskiya ne, amma 'yancin yana da iyaka, kuma iyakar a bayyane take. Inda tarihi ya yi shiru, mai fim na iya cikewa da tunaninsa. Dubi Amina ta Zazzau, wadda Izu Ojukwu ya yi fim a kanta aka sake shi a Netflix a 2021. Abin da aka rubuta game da ita bai cika shafi biyu ba: Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo ta a Infaƙul Maisuri, wasu riwayoyi kuma sun kai ta ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Sauran sai ganuwoyin da ake jingina mata da abin da kakanni suka faɗa. Wanda zai yi fim a kanta dole ya ƙirƙiro mata ƙawaye da maƙiya da maganganu, kuma za a iya sukarsa a kan sutura ko harshe ko tsarin fada, amma ba za a ce ya ƙaryata shaidu ba, tunda shaidun ba su yi magana ba. Gezo ba haka yake ba. Akwai wasiƙunsa, akwai rahotannin jakadun da suka zauna da shi, akwai lissafin jiragen da suka yi lodi a tasharsa, akwai tarihin baka na garuruwan da ya ci. Ƙirƙiro Nanisca ba laifi ba ne. Sanya rundunar da ke kamo bayi ta zama mai 'yanta su, a shekarar da aka ambata da lamba, ƙarƙashin sarkin da aka kira da sunansa na gaskiya, wannan ya wuce cike giɓi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa fim ɗin bai ɓoye cewa Dahome na sayar da mutane ba, ya faɗa da bakin 'yan wasansa, kuma gardamar manja da bayi ta faru da gaske a fadar Abome. Haka ne. Wani masanin tarihi, John Yoder, ya yi bayanin ɓangarori biyu da suka ja daga a majalisar sarki daga shekarun 1840, ɓangaren Giwa mai son a murƙushe Abekuta, da ɓangaren Ƙuda mai son a zauna lafiya da ita a kuma gyara hulɗa da Ingila, ya kuma sa shugabannin matan yaƙi a ɓangare na biyu. To amma a duba abin da ɓangaren Ƙuda ke nema: a bar babban gari mai ganuwa, a riƙa kai hari kan ƙananan garuruwa marasa kariya. Wannan lissafin riba da asara ne na mayaƙan da suka san inda ake mutuwa, babu ƙyamar bauta a cikinsa. Manjan kansa kuma ba ƙofar 'yanci ba ne. Kamfanin Régis na Marsai ya buɗe harka a Wida a 1841 domin masana'antun Turai na buƙatar man don sabulu da kyandir da shafa wa injuna, Gezo kuma ya ƙarfafa noman kwakwar. Su wa ke aikin? Bayi ne, a manyan gandaye na sarki da na attajirai irin gidan de Sousa, su ke hawan itacen, su ke dakan, su ke ɗaukar tuluna a ka zuwa bakin teku. Wanda a da za a sa shi a jirgi, yanzu an ajiye shi a rinji. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Fim ɗin ya ɗauki gardamar da aka yi shekara 20 a gaba, ya jawo ta baya, ya cire mata lissafin kuɗi, ya sa mata rigar tausayi.

Hujja ta uku ita ce ta zuciya, kuma ita ta fi wuyar amsawa. Turawa sun shekara ɗari suna wanke jarumansu a majigi. Fim ɗin 300 ya nuna mutanen Sparta suna mutuwa don 'yanci, bai ce uffan ba game da talakawan da suka bautar suna yi musu noma. Me ya sa sai da baƙaƙen mata suka sami fim na kansu za a fito da ma'aunin da ba a auna kowa da shi ba? Ƙari a kan haka, yawancin abin da aka rubuta game da Dahome Turawa ne suka rubuta, wasunsu dillalan bayi masu son nuna cewa sun ceci wanda suka saya daga yanka, wasunsu kuma masu share fagen mamaya, duk sun zuzuta zubar da jinin bukukuwan shekara na Abome don biyan buƙatarsu. Duk wannan gaskiya ne, kuma laifi tudu ne. Babu mai musun cewa jiragen na Turawa ne, kasuwar tasu ce, gonakin rake da suka haɗiye mutanen ma nasu ne. Sai dai wankin da aka yi wa Gezo ba Bature ne ya biya kuɗinsa ba. Waɗanda aka share daga labarin Mahi ne da Egbado da Egbawa da mutanen Ketu, garin da Glele ya rushe a 1886, kuma jikokinsu na nan a Benin da Nijeriya suna tuna abin da ya faru. Cikin waɗanda suka bi ta wannan gaɓa har da 'yan arewa: Hausawan da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake sun yi yawa a Bahiya har suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. Muhammadu Gardo Baƙuaƙua, ɗan Jugu wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, an ratsa da shi ta ƙasar Dahome aka sa shi a jirgi wajen 1845, ya kuma ba da labarinsa aka buga a 1854. Fim ɗin da aka yi don a ɗaukaka 'yan Afirka ya zaɓi masu bindiga, ya bar waɗanda ke ɗaure da igiya, alhali su ma 'yan Afirka ne, kuma su ne kakannin da yawa daga cikin masu kallon a Amurka da Birazil.

Saura masu cewa gaskiya ba ta sayuwa, mai zuba dala miliyan 50 kuma dole ya nemi abin da zai cika kujeru. Ba za a raina wannan ba. Fim ɗin Umar Mukhtar da Mustafa Akkad ya yi, wanda Anthony Quinn ya fito a ciki, ya tsaya kusa da abin da ya faru: sansanonin da Italiya ta tsare mutanen Barƙa ta Libiya, shingen waya da kwamandan Italiya Graziani ya ja a iyakar Masar, da ratayewar dattijon a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931. Bai mayar da kuɗinsa a gidajen kallo ba, Italiya kuma ta hana nuna shi, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can. Amma ba ƙarancin faɗa ne ya kayar da shi ba, domin yana da dawakai da tankoki da kwanton ɓauna fiye da kima, kuma shekara 40 bayan fitarsa ana kallonsa daga Kano har Jakarta. Ya nuna cewa ƙayatarwa da gaskiya suna zama a tukunya ɗaya. Akkad ya yi sa'a jaruminsa mai kare gida ne tun asali, ba ya buƙatar wanki. Abin mamaki shi ne masu The Woman King ma suna da irin wannan zaɓi a gabansu, kuma alama ta nuna sun san da shi, domin sunayen jarumansu biyu daga can suka aro su. Nanisca sunan wata budurwa ce da jami'in Faransa Jean Bayol ya ce ya gani a Abome a ƙarshen 1889 ana gwada ta da sare kan fursuna, ya kuma ce ta mutu a yaƙin Kwatano bayan wata uku. Nawi kuwa sunan wata tsohuwa ce da ta rasu a 1979, wadda ta ce ta yaƙi Faransawa a 1892.

Yaƙi da Faransa shi ne inda Agojie suka tsaya a matsayin masu kare ƙasa ba tare da an yi musu kwaskwarima ba. A ranar 4 ga Maris 1890 suka afka wa sansanin Faransa a Kwatano kafin gari ya waye. A 1892 Kanar Alfred Dodds, haifaffen Sanlui ta Senegal, ya hauro ta kogin Weme da rundunar da ta haɗa da sojojin haya na Turai da 'yan Senegal da wani rukuni da Faransawa ke kira 'yan bindigar Hausa. Daga Dogba a watan Satumba har zuwa Kana a farkon Nuwamba ana ta gwabzawa, matan suna kutsawa cikin ruwan harsashi har su kai ga bakin banati, sojojin Faransa da kansu sun yaba jaruntakarsu a rubuce. Sarkin Dahome Behanzin ya cinna wa Abome wuta ya ja da baya, Dodds ya shiga garin ranar 17 ga Nuwamba, sarkin ya miƙa wuya a Janairun 1894, aka kai shi Martinik, ya rasu a Aljeriya a 1906. Ga faɗa, ga wuta, ga faɗuwar daula, duk abin da mai kyamara ke nema. Abu biyu ne kawai suka hana wannan labari dacewa da ƙirar da aka saba. Na ɗaya, jaruman ba su ci nasara ba. Na biyu, ko a nan tabon bai goge ba, domin wani ɓangare na bindigogin zamani da Behanzin ya saya daga fataken Jamus da mutane ya biya, aka kwashe su da sunan 'yan ƙwadago zuwa Kamaru da Kwango. Fim ɗin da zai nuna mace ta tsaya gaban bindigar Faransa da bindigar da aka saya da ɗan wata, zai fi wanda aka yi nauyi, kuma ba zai rasa sara ko ɗaya ba.

A 1860, shekara 37 bayan lokacin da fim ɗin ya ƙone matattarar bayi ta Wida, wani jirgi mai suna Clotilda ya tsaya a wannan tashar. Amurka ta haramta shigo da bayi tun 1808, amma kyaftin ɗinsa, William Foster, ya sauka ya yi ciniki da wakilan Sarki Glele, ya loda mutum kimanin 110, ya kai su Mobil a jihar Alabama, sannan aka ƙone jirgin don a ɓatar da sawu. Shi ne jirgin bayi na ƙarshe da aka sani ya shiga Amurka, kuma sai a 2019 aka tabbatar da gano ɓaraguzansa a cikin kogi. Cikin mutanen da ya ɗauko akwai wani saurayi Bayarabe mai suna Kossola, wanda daga baya aka sani da Cudjo Lewis. Ya rayu har 1935, kuma a tsufansa ya ba marubuciya Zora Neale Hurston labarin safiyar da aka ci garinsu: an fasa ƙofa tun mutane na barci, ya ga mata cikin mayaƙan riƙe da manyan wuƙaƙe, suna kama matasa suna sare waɗanda suka tsufa ko suka yi gardama, aka tasa su zuwa Abome, daga nan zuwa rumfar da aka tsare su a Wida. Hurston ta kammala littafin a 1931, masu buga littattafai suka ƙi karɓarsa, bai fito ba sai a 2018 da sunan Barracoon, shekara huɗu kafin a saki The Woman King.